Yuraniyom a gonarmu, mu kuma muna kwana a duhu

Baban Khalifa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Jiya da dare muna zaune a majalisa, wuta babu tun la'asar, sai wani yaro ya kawo zancen wai Nijar ta ƙwace yuraniyom ɗinta daga hannun Faransawa kuma Rasha za ta gina mata tashar nukiliya, musu ya kaure har sha ɗaya ta wuce ba wanda ya san kan zancen. Na ce bari in kawo nan tunda muna da 'yan boko muna da 'yan Nijar. In abu a gonarka yake me zai hana ka yi wuta da shi? Sannan me ya sa da an ce nukiliya sai Turawa su fara zancen bom?

Sarkin Yaƙi: Wa'alaikumussalam Alhaji. Amsar a fili take ai, ba sa so mu tashi ne. Ni fa ba ma wutar ce ta dame ni ba, bom ɗin nake so mu mallaka wlh

Maman Ummi: Kai Sarkin Yaƙi daga sallama sai bom? Ni ƙanƙarata ce ta narke jiya, zoɓo da kunun aya na dubu goma sha ɗaya na rabar wa yaran maƙwabta, a ba mu wuta tukuna

Ɗan Arlit: Amin wa'alaikumussalam. Alhaji ka sosa mini inda ke mini ƙaiƙayi. Mu asalinmu 'yan Tahoua ne amma a Arlit ta arewacin Nijar munka tashi, garin nan don haƙar yuraniyom aka gina shi, in ba don ita ba ba abin da zai zaunar da mutum cikin wannan hamada. Ma'aikatar haƙa ta SOMAIR ta fara fitar da yuraniyom a 1971, COMINAK ta Akokan kusa da Arlit ta biyo baya, ita ramin ƙarƙashin ƙasa ce, an rufe ta a watan Maris na 2021. Muna yara mukan tsaya bakin hanya mu ƙirga manyan motoci ɗauke da ganguna, sojoji na rakiya, su bi hanyar Tahoua har Kwatano, daga can jirgin ruwa zuwa Faransa. Abin da zai ba ka dariya ko takaici, kuran ɗin, wato wutar lantarkin, da ake haƙar da shi ma na gawayi ne, daga tashar Sonichar ta Anou Araren kusa da Tchirozérine. Yau Faransa kusan kashi biyu cikin uku na wutarta nukiliya ce, mu ko a Nijar da ƙyar mutum ɗaya cikin biyar ke da kuran a gida, kuma lokacin da Najeriya ta yanke mana wuta bayan juyin mulkin Yulin 2023 kowa ya ga yadda Yamai ta koma, don wajen kashi 70 na wutarmu daga wurinku take zuwa a lokacin

Baban Khalifa: Allah sarki. Wannan yankewar kam ba da yawunmu aka yi ba ɗan uwa

Malam Fiziks: Bari in ɗan gyara abu ɗaya kafin mu yi nisa. Gaskiya ne gwamnatin Nijar ta karɓe lasisin mahaƙar Imouraren daga kamfanin Faransa Orano a Yunin 2024, sannan a Yunin 2025 ta ce SOMAIR ta zama ta ƙasa. Amma abin da aka sa wa hannu da Rasha takardar fahimtar juna ce, ba kwangilar gini ba. Burkina Faso ma ta sa hannu a irinta da Rosatom, kamfanin nukiliyar Rasha, a 2023. Mu nan Najeriya mun sa hannu da su a 2017, har an ambaci wurare biyu, Geregu a Kogi da Itu a Akwa Ibom, duk wanda ya bi ta can ya ga ko bulo ɗaya ya faɗa mana. Hukumar makamashin nukiliyarmu ma tun 1976 aka kafa ta a takarda.

Maman Ummi: Malam don Allah ka fara daga tushe, ni har yau ban gane ba, dutsen ne ake ƙonawa kamar gawayi?

Malam Fiziks: A'a Hajiya ba ƙonawa ba ne, amma ƙarshen abin ɗaya ne, zafi ake nema. Ƙwayar zarra ta yuraniyom ce ke tsagewa gida biyu ta fitar da zafi, zafin ya tafasa ruwa, tururi ya juya injin, injin ya ba da wuta. Tashar nukiliya tukunya ce babba kawai mai tsadar gaske. Sai dai abin da Ɗan Arlit ya gani a ganguna gari ne rawaya, ko ka zuba shi a irin tashoshin da ake ginawa yanzu ba abin da zai yi maka. Dalili, yuraniyom iri biyu ne a cakuɗe, wanda ke tsagewa cikin sauƙi ana ce masa 235, kuma a cikin ƙwaya 1,000 guda 7 ne kacal, sauran duk 238 ne. Sai an mayar da garin iskar gas, an juya shi a wasu injina masu gudun tsiya dubbai a jere, an rage 238 ɗin har 235 ya kai kashi 3 zuwa 5, sannan a dunƙula shi ƙanana kamar kan ɗan yatsa a jera cikin bututu. Wannan tacewar ƙasashe ƙalilan ke yin ta, Rasha ce kan gaba. Ka ga ko gobe aka gina wa Nijar tasha, yuraniyom ɗin Arlit sai ya fita waje an tace shi an sayar mata.

Ɗan Arlit: Wato kamar yadda ku kunka daɗe kuna fitar da ɗanyen mai kuna sayen fetur

Malam Fiziks: Hhhh ka rama. Haka ne, sai dai matatar mai ba wanda zai kawo maka yaƙi don ka gina ta, wannan kuwa ita ce amsar tambayar Alhaji ta biyu. Ku ɗauka ana tsince aya ne daga tsakuwa, aya 7 tsakuwa 993. Kafin ayar ta zama kashi 5 cikin ɗari sai jimillar ta dawo 140, wato ka riga ka zubar da tsakuwa 860. In ka ci gaba har jimilla ta dawo 12, ka kai kusan kashi 60. Ka cire huɗu kawai su dawo 8, ka doshi kashi 90, wanda shi ne na bom. Injin ɗaya ne, ɗaki ɗaya, ma'aikata ɗaya, wahalar duk tana farko. Shi ya sa batun Iran ya yi zafi, yarjejeniyar 2015 ta tsayar da ita a kashi 3.67, Trump ya fitar da Amurka daga yarjejeniyar a 2018, daga baya Iran ta hau har kashi 60.

Baban Khalifa: Ikon Allah, yau na gane wannan kashi-kashin da ake ta faɗa a rediyo

Sarkin Yaƙi: To Malam ai ka taimake ni. Iran ta tsaya a 60 tana jan ƙafa, me ya faru a Yunin 2025? Isra'ila ta fara, Amurka ta zo ta jefa wa cibiyoyin nukiliyarta na Fordo da Natanz da Isfahan bama-bamai. Koriya ta Arewa ta fice daga yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman nukiliya a 2003 ta yi gwaji a 2006, wa ya taɓa ta? Gaddafi ya yarda zai miƙa kayansa a 2003, 2011 kowa ya ga abin da aka yi masa a Sirte. Ukraine ta mayar wa Rasha makaman da ta gada aka ba ta takardar alkawarin ba za a taɓa ta ba a Budapest a 1994, ina amfanin takardar yau? Ita Isra'ilar da ke dukan mutane ko hannu ba ta sa a yarjejeniyar ba kuma duniya ta san tana da shi. Ku daina yaudarar kanku, mai sanda shi ake gaisarwa

Ustaz Na Bakin Kasuwa: Ƙanena a hankali. Na san ayar da za ka kawo, wa a'iddu lahum, a yi tanadin ƙarfi, ba wanda ya musa. Amma ka tuna wasiyyar Sayyidina Abubakar ga mayaƙa, kar a kashe mace, kar a kashe yaro, kar a kashe tsoho, kar a sare itace mai 'ya'ya. Makamin da aka jefa a Hiroshima ran 6 ga Agustan 1945 ya tambayi waye soja waye jariri? Hausawa da suka raɗa masa ƙare dangi ba a banza suka faɗa ba. Malamai sun yi saɓani a kan ajiye shi don tsoratarwa, wannan na sani, ba na nan zan warware ba.

Sarkin Yaƙi: Allah ya gafarta Malam, ajiyewar nake nufi ai, Pakistan ta ajiye tun 1998

Maman Ummi: Ta ajiye, wutar fa? Ƙanwar mijina ta yi karatu a can ta ce su ma ana ɗauke musu wuta kamar mu

Baba Ɗan Fansho: Yara ku bari tsoho ya sa baki, da ƙyar nake rubutun nan jikata ke taya ni. Ku kuna ganin bom ɗin nan labarin nesa ne. A bayan gidanmu aka fara gwada na Faransa, Reggane cikin Saharar Aljeriya, 13 ga Fabrairun 1960. Ina ƙaramin ɗan makaranta lokacin, abin da na riƙe shi ne tsoron da manya suka shiga, don iskar hunturu daga can take busowa, duk wanda ya yi tari ko ciwon ido sai a ce ƙurar bom ce, ko ita ce ko ba ita ba Allah masani. Da suka yi gwaji na uku a ƙarshen shekarar, gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa a Janairun 1961, ta hana jiragensu na sama da na ruwa shigowa, ƙasa ko wata huɗu ba ta yi da 'yanci ba. Faransa ba ta daina gwaji a Saharar ba sai 1966, gwaji 17 gaba ɗaya, huɗu a Reggane, ragowar 13 a cikin dutse a In Ekker arewa da Tamanrasset. Kai Sarkin Yaƙi in mun ƙera namu a ina za mu gwada? A Saharar nan dai ko, kan Buzaye da Fulani da raƙumansu.

Ɗan Arlit: Baba Allah ya ƙara lafiya. Tamanrasset ai hanyarmu ce, 'yan uwanmu da yawa can suke ci-rani

Sarkin Yaƙi: Baba na ji, amma lokacin mu ake gwadawa a kanmu saboda ba mu da shi

Ɗan Zango: Ina gaida kowa daga Kumasi. Sarkin Yaƙi akwai ƙasa ɗaya a Afirka da ta taɓa ƙera shi fa, Afirka ta Kudu zamanin wariyar launin fata, guda shida, kuma da hannunta ta kwance su, de Klerk ya fito ya faɗa a 1993. Wasu sun ce tuba ce, wasu sun ce ba sa so ya faɗa hannun baƙaƙe ne da mulki zai koma wurin Mandela, ni na fi karkata ga na biyun gsky. Amma dai ba wanda ya mamaye su, kuma su kaɗai ke da tashar wutar nukiliya mai aiki a nahiyar nan, Koeberg kusa da Cape Town tun 1984. Sannan akwai yarjejeniyar Pelindaba da aka sa wa hannu a 1996 ta fara aiki a 2009, ta haramta makamin a Afirka duka, sunan ma na cibiyar nukiliyar Afirka ta Kudun ne

Malam Fiziks: Na gode Ɗan Zango. Kuma mutane da yawa ba su san muna da 'yar tukunyar nukiliya a Arewa ba. Tana Zariya, cibiyar binciken makamashi ta ABU, 'yar China ce, ta fara aiki a 2004. Mun shiga lokacin muna ɗalibai, kowa an maƙala masa ɗan abin awo a aljihun riga, muka leƙa wani tafki mai zurfi ruwa garau kamar ka sha, ainihin cibiyar tukunyar tana can ƙasa ba ta wuce gwangwanin fenti ba. Wajen kilowat 30 ce, ba ta ba kowa wuta, ana gwada samfurin ƙasa da duwatsu da abinci da ita a ga me ke ciki. Amma man da ke cikinta a lokacin na kashi 90 ne, wajen kilo ɗaya, bai isa bom ba amma irinsa ne, shi ya sa a 2018 aka cire shi aka mayar China aka sa mata mai rauni, kuma tana aikinta lafiya. Ɗan Zango, taku ta Kwabenya a Ghana ma haka aka yi mata a 2017.

Ɗan Zango: Ƙwarai, tun zamanin Nkrumah aka ɗora harsashin wurin

Baban Khalifa: Zariya?? Shekara nawa ina bin Samaru ban sani ba. To Malam tunda muna da masana me ya hana a yi babbar?

Malam Fiziks: Kuɗi da layin wuta Alhaji. Masar na gina tata a El Dabaa, tukunya huɗu kowace megawat 1,200, kuɗin wajen dala biliyan 30, biliyan 25 bashi ne daga Rasha. Daular Larabawa ta gama tata ta Barakah, 'yan Koriya ta Kudu suka gina, tana ba su kusan rubu'in wutarsu, amma su sun rubuta sun sa hannu ba za su taɓa tacewa da kansu ba, mai suke saya. Ita Faransar da ta ƙware, tukunyarta ta Flamanville an fara ta a 2007 sai ƙarshen 2024 ta hau layi. Mu kuma duk wutar da ke yawo a babban layinmu ba ta cika wuce megawat dubu huɗu zuwa biyar ba, ƙa'idar da injiniyoyi ke bi ita ce kar tukunya ɗaya ta wuce kashi goma na ƙarfin layin, don ranar da ta tsaya kar ta ja ƙasa duka ta faɗi, to ta 1,200 ai rubu'i ce. Kuma ita tukunyar ko an kashe ta tana buƙatar wuta daga waje don famfunan sanyaya ta, rashin wannan ne ya jawo hatsarin Fukushima ta Japan a 2011, ruwan teku ya cinye janaretocin. Ku tuna sau nawa layinmu ya faɗi a 2024, ku tuna kwanakin da Arewa ta yi a duhu a Oktoban shekarar da aka lalata layin Shiroro.

Maman Ummi: Kar ka tuna min, a wannan duhun na sayar da firiza ɗaya

Sarkin Yaƙi: Kullum ba za mu iya ba, ba za mu iya ba. Haka aka ce wa Dangote

Malam Fiziks: Ban ce ba za mu iya ba ƙanena, ni ina son nukiliya, ba ta hayaƙi, ba ruwanta da damina ko rani, ɗan dunƙulen nan ɗaya yana ba da zafin da ya kai na wajen tan guda na gawayi. Duniya ma ta dawo kanta, Jamus ce ta rufe nata a 2023 amma China gini take ba tsayawa, Bankin Duniya ya janye haramcin ba da bashi a kanta a 2025, Microsoft ta ƙulla ciniki a sake kunna tukunya ɗaya a tashar Three Mile Island ta Amurka saboda kwamfutocinta. Abin da na ce shi ne wanda ya kasa ƙarasa Mambila da Ajaokuta ya fara gyara layi da transfoma, mu cika rufin gidaje da sola, mu yi amfani da gas ɗin da muke ƙonawa a banza, a ci gaba da koyar da yara a Zariya, in lokaci ya yi a yi.

Baba Ɗan Fansho: Ku ƙara da wannan. Sunan Nijar ma an taɓa cin yaƙi da shi. A 2003 Bush ya tsaya gaban majalisarsu ya ce Saddam na neman yuraniyom daga Afirka, takardun da aka yi ta yawo da su na cinikin Nijar ne, hukumar nukiliya ta duniya IAEA ƙarƙashin ElBaradei ta duba ta ce na jabu ne, duk da haka aka shiga Iraƙi. Na bom ɗin Hiroshima kuwa mafi yawansa daga Shinkolobwe ta Kongo aka haƙo. To duk wanda ke murna an kori Bafaranshe ya tambaya wa za a sayar wa, kuma a kan wane sharaɗi.

Ɗan Arlit: Baba ni ban damu da wa zai saya ba matuƙar za a biya farashin gaskiya, ai Kazakhstan ce ke da wajen kashi 40 na kasuwar, namu bai wuce kashi biyar ba, ba mu ke yanka farashi ba. Abin da ke hana ni barci wanda ba ku taɓo ba shi ne abin da aka bari. Duwatsun dusar haƙa na nan jibge bayan gari, na Akokan kaɗai wajen tan miliyan 20, iska na kaɗawa. Greenpeace da wata ƙungiyar Faransa CRIIRAD sun auna a 2009, sun samu gurɓatar yuraniyom a ruwan wasu rijiyoyi da ƙarafan da ake sayarwa a kasuwa. Kuma mu mun san kasuwar nan, tsofaffin bututu da ganguna da ƙyallaye masu kauri duk ana sayarwa, maƙera su yi ƙofa su yi murhu su yi ludayi, ba wanda ke tambayar daga ina sunka fito, arha ce kawai. Gwaggona ta sayi wata rabin ganga can tun muna yara, cikinta muke tara ruwan sha, da sunka koma Tahoua har da ita aka ɗora a mota

Maman Ummi: Innalillahi. Malam ana iya ganewa da ido? Ko in an wanke da omo da toka ya fita?

Malam Fiziks: Ba a gani Hajiya, ba wari ba ɗanɗano, sai an kara na'urar awo. Ɗan Arlit kar hankalinka ya tashi, ba kowane ƙarfe daga can ne ya gurɓata ba, wanda ya bi ta inda ake sarrafa garin ne abin tsoro, zai iya yiwuwa gangar mai ce kawai. Amma tunda ba a sani ba a daina zuba ruwan sha a ciki, kar a kankare ta kar a ɗora ta a wuta kar kuma a sayar wa 'yan gwangwan, a kife ta can bayan gida nesa da yara har a samu mai awo. A Yamai akwai hukumar da ke kula da wannan fannin, ka tambayi ma'aikatan asibiti na sashen hoto za su nuna maka hanya.

Sarkin Yaƙi: Ni dai ina nan kan bakana, amma wannan ta gangar ta taɓa ni. Ɗan uwa in kuɗin roba ne a sayo mata babba mu haɗa

Baban Khalifa: Ni zan ba da rabi. Ɗan Arlit ka turo min lambarka ta gefe

Ɗan Arlit: Na gode wallahi, Allah ya bar zumunci. Na kira ta yanzu ba ta ɗauka ba, ƙila tana wurin awaki, zan sake bayan magariba. Matsalar ita ce shawo kanta, ta ce ruwan gangar nan ya fi na randa sanyi